Ni 'Yar Ungozoma Ce

Mahaifiyata ce ta yanke cibiyar rabin mutanen garinmu. Har gobe idan ta fita, sai ka ga magidanci da 'ya'yansa ya durƙusa yana gaishe ta, ta dube shi ta ce, "Kai ba kai ne ka zo ta ƙafa ka hana mu barci ba?" a bushe da dariya. A gidan ungozoma na tashi, tun ban san mene ne naƙuda ba nake riƙe wa Inna fitila. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji labarina ya ɗauka na zo zagin ungozomomi. Da ladan yankan cibi aka saya mini takalmin makaranta na farko.

Garinmu ƙauye ne a Jigawa, tsakanin Jahun da bakin kogin Haɗeja. A shekarar 2001 ina da shekara 14, yayata tana da 17, da cikin fari. An kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Lokacin hunturu ne, an gama kaka, mijinta ya tafi cin rani Legas. Baba kuma ya kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ce sai Juma'a zai dawo.

Tun da hantsi naƙuda ta kama ta, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Kunyar cikin fari. Sai dai na ga tana dafa bango, tana cije leɓe, idan na tambaye ta sai ta harare ni. Bayan isha'i ta durƙusa, ta sauka lafiya, 'ya mace. Inna ta yanke cibi, mabiyiya ta faɗo, aka hura wutar ruwan wanka. Maƙwabta har sun fara leƙowa ta katanga suna barka.

Sai jini. Da farko Inna ta ce ba komai, mataccen jini ne, gara ya fita da ya zauna ya zama ciwo. Haka aka koya mata, haka uwarta ta koya daga tata uwar. Zani na farko ya jiƙe, na canza. Na biyu ya jiƙe. A na uku na ɗaga fitila na ga fuskar Inna, na ga abin da ban taɓa gani a cikinta ba. Ta ba da jiƙo, aka aika gidan Malam aka karɓo rubutu. Yaya ta ce tana jin ƙishirwa. Can ta ce sanyi take ji, a ƙara mata mayafi. Can kuma ta ce, "Inna, wa ya kashe fitilar?" Fitilar kuwa tana hannuna tana ci.

Inna ta ce a kai ta asibiti. Aka taso ƙanen Baba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce shi ba shi da iko da matar wani, ba mijinta, ba ubanta, idan wani abu ya faru a hanya wa zai ce ya sa shi? A bari gari ya waye. A wannan shekarar ce wayar salula ta shigo Nijeriya, mu a rediyo kawai muke jin labarinta. Sai da aka kira assalatu mai unguwa ya ce a ɗaura shanu, shi ya ɗauki nauyi. A kan amalanke ta cika, ba mu ko hango titi ba.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ta yi shahada, kuma muna fatan haka ne. Ban riƙe ƙanen Baba a zuciya ba, tsoro ne ya kama shi, ya kuma rasu yana neman gafararmu. Inna ta shekara guda ba ta amsa kiran haihuwa ba. Jaririyar, wata gwaggonmu mai goyo ta shayar da ita, ni kuma a bayana ta girma. Baba bai taɓa yin maganar daren nan ba ko sau ɗaya. Abin da na sani shi ne an riga an sa ranar aurena bayan aji uku na sakandare, sai ya ɗaga, ya ce in ƙarasa. Da aka zo auren daga baya, sharaɗi ɗaya ya kafa wa Malam, maigidana: karatu.

A 2007 na shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Shekara biyu na yi na fito ƙaramar ma'aikaciyar lafiya ta karkara, daga baya na koma na ƙaro har na zama cikakkiyar ma'aikaciyar lafiya ta karkara, abin da ake kira CHEW. Daga duk zaman da na yi a can, rana ɗaya ce ba ta barina. Malamarmu tana bayanin zubar jini bayan haihuwa. Ta ce idan jini ya kai rabin lita, kamar cikin moɗa guda ke nan, an shiga haɗari. Ta ce mafi yawan lokaci mahaifa ce take ƙin tsukewa bayan mabiyiya ta fita, ta saki jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma, jijiyoyin da suke ciyar da jariri su zauna a buɗe. Ta ce yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Sannan ta ɗora hannu a ƙasan cibiyarta ta nuna mana yadda ake murza ciki har mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, a sa matar ta yi fitsari, a ɗora mata jariri a nono, kafin a kai ga allura.

Na tashi na fita bayan aji na yi kuka har na gode Allah. Awa biyu, mu kuwa mun samu kusan tara muka zauna a kansu. Abin da ya fi ƙona ni shi ne murzar nan. Hannun Inna ya fi na malamar ƙarfi da sanin cikin mace. Ba wanda ya taɓa gaya mata, shi ke nan.

A 2010 aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye da ba namu ba. Ɗaki biyu ne, ba ruwa, ba wuta, jemagu sun cika silin. Na share, na goge, na sa farar riga na zauna. Wata uku, mata biyu ne suka zo awo, ɗayar ma maganin ciwon kai ta zo nema. A wurinsu asibiti na wadda ta gaza ne. Macen ƙwarai tana shiga ɗaki ita kaɗai, sai dai a ji kukan jariri, sannan a kira ungozoma ta zo ta gyara. Ga ni yarinya, haihuwata ɗaya tak. Ungozomar garin, wadda kowa ke kira Iya, ko gaisuwata ba ta amsawa da kyau.

Inna ce ta buɗe mini garin, ba takardata ba. Ta zo rainon ɗana, ta yi mako tana kallona, rannan ta ce, "Ke wai zaman me kike yi? Ciki ba ya zuwa wurin mutum, bin sa ake yi." Washegari ta ƙulla goro a gefen zani ta tafi gidan Iya. Sun wuni. Ban san duk abin da suka faɗa ba, amma na san ta ba ta labarin Yaya, labarin da ko mu ba ta taɓa yi da mu ba. Da yamma sai ga su tare. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, gobe ki sa mayafi ki bar farar rigar nan, zan kai ki gidaje."

Iya ta san kowane ciki a garin tun bai fito ba. Ta san wadda ta daina salla da wadda ta ci gaba, ta san wadda ke tofar da yawu, ta san wadda ta yi ɓari bara. Na sayi littafi mai bango mai kauri na ware wa kowane gida shafi. Ina shiga da abin awon hawan jini a jaka, in duba idon mace da tafin hannunta, in ba ta ƙwayar ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, in roƙe ta ta zo a yi mata allurar tetanus. Mata ba su ba ni wahala ba. Da sun saba, har su ke aiko yara su kira ni.

Aikin yana zaure. Na gane haka tun a daren 2001, ban dai san yadda zan faɗe shi ba. Mace tana iya sanin duk alamun haɗari, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, ganin hazo-hazo, jini, naƙudar da ta kwana ta wuni, amma idan abin ya taso da tsakar dare maigida ba ya nan, saninta bai ɗaga ta daga tabarma ba. Don haka idan ciki ya kai wata bakwai, sai in nemi ganin maigida, Iya ta zauna a gefena don mutunci. In gaishe shi in ce, "Malam, idan Allah ya kawo abin kana kasuwa ko kana cin rani, ka yarje a fita da ita?" Wasu su ce ai ba a yi wa Allah shisshigi. Wasu su yi dariya su ce haihuwa ta nawa ke nan. Wanda ya yarda, sai in ce ya faɗa a gaban mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa, in rubuta a littafi. Wannan shaidar ita ce abin da ƙanen Baba ya rasa.

Da muka ga zaure-zaure ba zai ƙare ba, Malam maigidana ya raka ni wurin dagaci. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, cikin shekara biyu mata nawa aka binne da ɗanyen jego a garin nan?" Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sai ya sa aka kira liman. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kai. Ya ce gaskiya ne wadda ta rasu wurin haihuwa ana yi mata fatan shahada, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da na shekara ina faɗa bai shiga ba, a rabin awa ya shigar da shi. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba, amma na karɓa.

Daga nan aka kafa asusu, kowane gida kwano ɗaya na gero da kaka, a sayar a ajiye wurin mutum uku amintattu, wanda ya ara ya biya bayan suna. Samari goma sha wani abu suka yarda a auna rukunin jininsu. A lokacin kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, an horar da direbobi yadda za su kwantar da mace a mota, ladansu a tasha shi ne a ba su lodi ba tare da bin layi ba. Mun samu biyu a kusa da mu. Ɗayan, wani dattijo mai Golf ja, lambar wayarsa da gawayi aka rubuta ta a bangon zaure da yawa.

A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin da ya ba irinmu damar yin wasu ayyukan da a da sai ungozomar asibiti ko likita, bayan an horar da mu. Wannan ya canza mini aiki. Na tuna wata amarya mai ciki da jijjiga ta kama da rana tsaka. Na tarar an cika ɗaki da hayaƙi ana cewa iska ce, an cusa mata cokali a baki. Na roƙi a buɗe taga, na juya ta gefe, na auna hawan jini na ga ya haura 160. Na yi mata allurar magnesiyam mai tsayar da jijjiga, giram biyar a kowane ɗuwawu, hannuna yana rawa don ita ce ta farko da na yi ba malama a kaina. Mai Golf ya kai mu babban asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aikin haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008. Aka yi mata aiki. Yaron yanzu yana kai mini tallan gyaɗa.

Amma ba wannan ce nake gani idan na rufe ido ba.

Akwai ƙwayar misoprostol, guda uku ake sha da zarar jariri ya fito, an kuma tabbatar ba wani a ciki. Tana sa mahaifa ta tsuke. Amfaninta a ƙauye shi ne ba ta neman firiji, saɓanin allurar oksitosin mai irin wannan aikin, wadda zafi ke kashe wa ƙarfi. Muna ba matan da muka san a gida za su haihu, su ajiye. A 2017 na ba wata baiwar Allah, haihuwarta ta tara, gwanar haihuwa, mai barkwanci, ita ce ma take tsokanar amare a wurin awo. Na yi mata bayani a tsaitsaye, ina sauri, layi ya yi tsawo, na ce a raina wannan ai ta fi ni sani. Naƙuda ta yi mata nawa. Wata maƙwabciya ta ce mata ai ƙwayar nan tana saurin sauke mace. Ta shanye duka ukun jariri yana ciki. Mahaifar da ta ɗauki ciki tara ba ta jure ba, ta fashe. Izini akwai, kuɗi akwai, mota ta zo cikin minti ashirin, samari biyu suka bi mu don ba da jini. Duk abin da na shekara bakwai ina ginawa ya yi aiki a daren nan, kuma ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Mijinta bai ce mini komai ba sai "Allah ya saka da alheri, Malama, kin yi ƙoƙari." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni na ba ta ƙwayar da hannuna. Na yi niyyar ajiye aikin. Inna ce ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ni shekara guda na yi ina gudu, matan garin ba su daina haihuwa ba, sai dai suka haihu ba kowa. Tashi." Tun daga ranar ba na ba mace ƙwayar nan ita kaɗai. Sai da wadda za ta zauna da ita, kishiya ce, suruka ce, ungozoma ce, kuma sai kowacce ta maimaita mini da bakinta: sai an ji kukan jariri, sai an shafa ciki an ji ba na biyu. Ko layi ya kai bakin titi, sai sun faɗa.

A wani taron horo a Dutse aka karanta mana ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Na raba a bayan littafina, ya ba ni wajen 225 a kullum. Bas mai cin mutum 18, sama da guda goma sha biyu, cike da mata, kowace rana. Da a titi suke mutuwa da an rufe hanya. Amma a ɗaki suke mutuwa, ɗaya-ɗaya, a bayan labule.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Shekaru da yawa ni kaɗai ce a asibitin nan, ni ce mai awo, ni ce mai karɓar haihuwa da fitilar waya a baki, ni ce mai wanke ƙasa. Matan sa-kai da ke taya ni zagaye sukan yi watanni ba su ga ko sisin alawus ba, suna tafe da silifa ɗaya. Wanda ya fi ciwo, in shafe wata uku ina lallashin mace ta yarda da asibiti, in tura ta gaba, wata ma'aikaciya ta daka mata tsawa ta ce 'yar ƙauye mai warin daddawa, ko ta ce lokacin da kike jin daɗin ai ba ki kira ni ba. Wannan matar ba za ta sake komawa ba, ita da duk matan gidansu. Ba duka ne ke yi ba, na san gajiya ce ke sa wasu, amma kalma ɗaya takan rushe mini aikin shekara. Wankan jego da kunun kanwa kuwa na daina yaƙi da su. Ina dai roƙon a rage zafin ruwa, mai hawan jini kuma a ɗauke mata kanwa, don tana ƙara wa zuciya nauyi.

'Yar Yaya, wadda na goya, ta yi aure ta samu ciki a 2022, shekarar babbar ambaliya. A wata na takwas na ga zobenta ya matse yatsa, fuska ta cika. Na auna hawan jininta, 150 bisa 100. Ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake, kogin Haɗeja ya fara cin gonaki, mutane suna komawa kan tudu. Na je zauren mijinta, wannan karon ba Malama ce ta je ba, suruka ce. Na ce, "Ɗana, ba zan jira naƙuda ba. Ka ba ni ita yau." Ya ce, "Umma, ai tun wata bakwai na faɗa a gaban Baba, ku tafi." Muka kai ta gidan wasu dangi a Jahun. Kwana uku bayan haka hanyar garinsu ta yanke, sai da kwalekwale.

Ta haihu a asibiti da asuba, namiji. Jini ya so ya yi gardama, aka yi allura, aka murza, ya tsaya. Minti goma bai cika ba.

Inna ta kwana a waje kan tabarma, ta haura shekara saba'in, ido ya yi rauni. Da aka bar mu muka shiga, aka miƙa mata jaririn. Ta laluba cibiyar ta ji ɗan maƙalin roba, ta taɓe baki ta ce wannan ɗaurin na malalata ne. Ta miƙo mini shi. Sai ta matsa bakin gado, ta zura hannu ƙarƙashin mayafin jikarta, ta danna ƙasan cibiya kamar yadda na koya mata shekarun baya. Ta daɗe hannun yana wurin. Na san abin da take ji, mahaifa ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallon goruba. Ta zare hannun, ta gyara wa yarinyar mayafi, ta juyo ta ce wa ya ga inda ta ajiye goronta.